Haulatu da Mai Gadin da Ba Ya Tuna Kowa

Duk wanda ya zauna a unguwarsu Haulatu a Daura ya san guɗarta. Ba wai ta fi ta sauran mata zaƙi ba ne, a'a, saurin zuwa ta fi su. Haulatu kan rangaɗa guɗa tun daga jin ƙarar mota, ba a ma san ko ta amarya ce ko ta masu gawayi ba. Ranar da ƙanwarta ke naƙuda, tana jin kuka ta saki guɗa daga tsakar gida, ashe ɗan akuyar maƙwabta ne ya maƙale a danga. Ni dai ban taɓa ganin wanda murna ke riga abin murnar isowa kamarta ba. Kuma ban taɓa jin haushinta ba, don in ta ƙyalƙyale da dariya sai ka ji kamar kai ma an yi maka albishir.

'Yar Ɗantsoho ce, wani manomi a ƙauyensu da ke kan hanyar Mai'adua. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce "Uwata". Tana 'yar firamare ta kwance masa rediyo kaca-kaca, ta mayar da kayan ciki yadda ta ga dama, ta kunna. Rediyo ya yi magana. Ta fita da gudu tana guɗa har gidan liman, ta dawo ta tarar yana hayaƙi. Ɗantsoho bai doke ta ba. Ya dubi rediyon, ya dube ta, ya ce, "Uwata, ki riƙa bari a gama tukuna." Maganar nan ita ya yi ta maimaita mata har ta girma, ita kuwa tana shiga ta kunnen dama tana fita ta hagu.

Da ta gama sakandare ta auri Malam Yazid, malamin firamare, mutum mai sanyin hali da tsokana a ƙasa-ƙasa, suka tare a Daura. Ta buɗe ɗan shago kusa da tasha, tana buga takardu a kwamfuta, tana yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Da an ce ta tsaya nan da an zauna lafiya. Sai ta gano darussan kwamfuta a waya. Tana tuƙa tuwo tana kallon wani Ba'indiye yana bayanin yadda ake gina shafin intanet. Tukwane nawa suka ƙone a gidan nan, Malam Yazid ne kaɗai zai iya faɗa, don shi ke cin ƙanzon yana cewa, "Yau kuma wane darasi muka ci?"

To, a wata damina abin ya tashi daga wasa. Ɗantsoho yana da shanun huɗa biyu, Goje da Auta. Ya hore su da hannunsa, yana yi musu magana kamar mutane. Da aka yi ruwan farko ƙasa ta yi laushi, Auta ya tsinke igiyarsa ya yi gaba. Aka yi cigiya a masallatai, mai shela ya zaga kasuwa. Haulatu ta tura hotonsa a duk wani guruf na waya da take ciki, amma kafin azahar hoton ya nutse a ƙarƙashin gaisuwar safiya da tallan atamfa da sanarwar suna. Garma kuwa ba ta jawuwa da sa ɗaya. Maƙwabta suka yi huɗa, gonar Ɗantsoho na kwance ciyawa na fitowa.

Da ta je duba shi ta same shi zaune gindin darbejiya, Goje na tsaye kusa da turken da babu kowa. Ya ce mata ba shi da sauran ƙarfin horar da sabon sa. In Lahadi ta zo ba labari, zai ja Goje zuwa kara, kasuwar shanu ta Mai'adua, ya ba da gonar aro, ya zauna. Haulatu ta san mahaifinta. Ta san in ya zauna ba zai ƙara tashi ba, kuma wannan take tsoro.

Ta dawo Daura da shawara a ranta. Za ta gina shafin cigiya: wanda dabbarsa ta ɓace ya sa hoto, wanda ya tsinci dabba ya sa hoto da lambar wayarsa, komai ya zauna a wuri ɗaya ba mai binne shi da gaisuwa. Ta ɗauki hayar kwamfuta a wani kamfani, irin wadda ba ka ganinta, tana can wata ƙasa a kunne dare da rana. 'Yan sana'ar na ce mata saba. Ta ɗora shafin, ta sa hoton san, ta buɗe a wayarta. Sai ga Auta, fari tas, da baƙin kunnensa da ƙahonsa na hagu mai karyayyen baki.

Guɗar da ta yi a shagon nan, sai da direbobi suka leƙo daga tasha. Nan take ta danna waya ta naɗi murya: "Jama'ar Daura, Mai'adua, Baure da kewaye, cigiya ta zo da sauƙi!" Ta faɗi sunan shafin sau uku, ta rufe da wata guɗar. Don zumuɗi ba ta faɗi lambar wayarta ba, ba ta ma ambaci san da ake nema ba. Muryar ta kama yawo daga waya zuwa waya, wasu don cigiyar suke turawa, wasu don guɗar kawai.

Sai ta tuna da gadi. Jama'a za su taru, kuma shafin zai ɗauki lambobin mutane da inda dabbobinsu suke. Sabar tana da mai gadi na ciki, a bakin ɗakinta, ba mutum ba ne, tsarin kwamfuta ne mai tace masu shiga da fita. Shi wannan yana da tunani: in ya bar ka ka shiga, ya san amsarka za ta fito, ba sai an gaya masa ba. Amma akwai na waje, a bakin lungun da sabar take, kuma wanda kamfanin ya ajiye a wurin kowa yake bari ya wuce. Haulatu ta ce ina, gidanta ba kasuwa ba ne. Ta ɗauke shi ta naɗa sabo.

Shi mai gadin waje halinsa daban. Ba ya tuna kowa. Ko yanzu ka wuce ta gabansa kuka gaisa, in ka juyo sabon mutum ne kai a wurinsa. Dokokin shiga daban ake rubuta masa, na fita daban. Yana duba su daga ƙaramar lamba zuwa babba, wadda ya fara cin karo da ita ya yi aiki da ita. Can ƙasa kuma akwai wata doka mai alamar tauraro, wadda ba a iya gogewa, ita kuwa abin da take cewa ɗaya ne: duk abin da ba a ambata ba, a hana.

Haulatu ta san duk wannan, ta kalli darasin har sau ba adadi. Ta zauna ta rubuta na shiga. Doka ta 100, a bar kowa ya shiga ta ƙofa 443, ƙofar da wayoyi ke bi su ga shafi. Doka ta 110, ƙofa 80, tsohuwar ƙofar, don masu zuwa ta can. Ta 120, ƙofa 22, wannan tata ce ita kaɗai, ta shiga ta yi gyara. Da ta zo na fita ko tsayawa tunani ba ta yi ba. Ita da aka haifa a gida mai zaure ɗaya, ta yi aure a gida mai zaure ɗaya? Ta inda baƙo ya shiga ta nan yake fita, wanda ya fita ta wani wuri kuwa katanga ya haura. Ta rubuta 443, ta rubuta 80, ta rubuta 22. Ta ja baya ta kalli dokokin sun jeru, sama da ƙasa iri ɗaya, ta ji daɗi har ta ɗauke su hoto. Ta rufe kwamfuta ba ta ƙara gwada shafin ba, ta kira mahaifiyarta Kubura ta ce a ba Baba waya.

"Baba, an gama!"

"An ga san?"

"A'a, amma ai kamar an gan shi ne."

"To, Uwata," in ji Ɗantsoho, "ki bari a gama tukuna."

Kafin la'asar ƙorafi ya fara shigowa. Kowa ya buɗe shafin sai ya ga wani ɗan zobe yana juyawa, yana juyawa, daga nan allo ya yi fari. Kuma kowa ya riga ya san dalili: netwok ne. A ƙasar nan in waya ta ƙi abu ba a dogon bincike. Masu shayi suka ce netwok ne, Malam Yazid ya ce netwok ne, ya canja layi ya koma wancan. Wani mai kishin cigiya har rufin ɗaki ya hau yana ɗaga waya sama. Ita ma Haulatu ta yarda, don zargin netwok ba ya da zafi.

Washegari netwok ya cika taf, zobe na nan yana juyawa. Ta ce bari ta shiga ta ƙofarta ta gani, ita ma aka bar ta tsaye. Malam Yazid ya leƙo ta kafaɗarta ya ce, "Ikon Allah. Mai gida ce a waje?" Ta harare shi. Ta duba allon kamfanin, ga saba lafiya lau da koren tambarinta, ga kuma wani ɗan zane yana motsi, alamar mutane na isowa. Suna zuwa ke nan. To me ya sa ba sa ganin komai? Ta buɗe dokokin fita ta karanta da yatsa: 443 a buɗe, 80 a buɗe. Ta wanke mai gadi tas daga zargi. Ta ce sabar ce ta lalace, ta gina sabuwa, a lungun nan dai, a bayan mai gadin nan dai. Zobe ya ci gaba da juyawa. Ta gina ta uku.

Ranar Asabar unguwa ta yi tsit. Ba dariya, ba guɗa, ko tukunya ba ta ƙone ba don ba a ɗora ba. Haulatu na zaune a tsakar gida da kwamfuta a cinya, idanu sun yi ja. Abin da ke cin ta ba kunyar muryar da ta watsa ba ce, ta saba da wannan. Gobe Lahadi ce.

Maƙwabciyarta Raihana, ƙawarta tun zuwanta unguwar, ta lura ba hayaƙi a gidan. Ta zubo dambu a kwanonta mai murfi ta miƙo ta kan katanga. Haulatu ta karɓa ta yi godiya, Malam Yazid ya cinye. Kwanon maƙwabta kuwa ba a mayar da shi wayam, ko mutum na cikin wane hali. Ta wanke shi, ta cika shi da soyayyar gyaɗa, ta ɗauka ta nufi waje, hankalinta na can wurin 443. Tana isa zaure ta ajiye shi a bakin ƙofa, ta juyo ta koma kan kwamfutarta, ranta na gaya mata ta sauke nauyi.

Bayan la'asar sai ga Raihana ta shigo da sallama, kwano a hannu, kaji biyu na biye da ita.

"Ke Haulatu, lafiyarki kuwa? Zan ɗora miya ina ta neman kwanona, ashe yana bakin zaurenki kaji na walima."

"Ai na mayar miki."

"Kin mayar wa wa? Ƙofar gidanki kika kai shi. Ni a nan nake kwana? In za ki mayar min da abu ai ƙofata za ki kawo, ba taki ba."

Haulatu ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, sai bakin ya tsaya a buɗe. Ta dubi kwano, ta dubi Raihana, ta dubi kwamfuta.

"Sake faɗa."

"Me zan sake faɗa? Na ce ƙofata..."

Haulatu ta yi tsalle ta rungume ta, sauran gyaɗar ta watse, kaji suka samu na biyu. "Ƙofarsu! Wayyo ni, ƙofarsu ce ba tawa ba! Malam! Malam, fito!"

Malam Yazid ya fito da hula a hannu, yana tsammanin gobara. Ta zaunar da su biyun a tabarma kamar 'yan ajinsa, tana magana tana haki. Duk wayar da ta aiko neman shafi, in ji ta, ta ƙofa 443 take shigowa, gaskiya ne. Amma kafin ta aiko sai ta buɗe wata 'yar ƙofa a can wurinta, mai babbar lamba, ta ɗan lokaci, ta tsaya nan tana jiran amsa. Sabar kuwa tana ta amsawa tun ranar farko, baiwar Allah, tana rubuta lambar ƙofar mai waya a kan kowace amsa. In amsar ta iso bakin lungu, mai gadi bai tuna an shigo nemanta ba. Ya duba dokokin fita, ba wannan lambar, ya gangara har kan tauraro, ya zubar.

"Yanzu duk mutanen nan yana ta zubar musu da abinci?" in ji Raihana.

"Har da nawa!"

Ta ƙara doka ɗaya a na fita, ta 130: a bar amsa ta tafi kowace ƙofa daga 1024 zuwa 65535. Malam Yazid ya karanta lambar ya dafe ƙirji.

"Duk waɗannan za ki buɗe? Ke da kika ce gidanki ba kasuwa ba ne?"

"Ƙofofinsu ne, Malam. Na shigowa wurina suna nan yadda na bar su."

Ta danna. Ta ɗauki wayarta, ta karɓi ta Raihana, ta fizge ta Malam Yazid, ta jera su a tabarma. Ko juyi ɗaya zobe bai gama ba Auta ya bayyana a duka ukun. Haulatu ta ɗaga kai, ta kai hannu hanci, sai ta tsaya. Shafi ya buɗe, amma Auta na cikin waya ne, ba ya kan turke. Ta haɗiye guɗar nan da ƙyar, kamar mai haɗiyar maɗaci. Raihana ce ta ga abin ya yi yawa ta rangaɗa mata ɗaya.

Kafin magariba cigiya ta fara zuba. Akuya mai 'ya'ya biyu daga Mai'adua. Jaki mai ɗingishi. Wani ya sa agwagwar matarsa, wani kuma bai ɓatar da komai ba, gaisuwa kawai ya turo da hoton kansa. Haulatu ta yi ta dariya tana ja da yatsa, tana ja, har dariyar ta ƙare. Ba Auta.

Da safiyar Lahadi tana shara waya ta yi ƙara. Wani Ikrima ne, mai cajin waya a wani ƙauye ta wajen Baure. Ya rubuta a shafin cewa tun da ya ji muryar mai guɗa yake gwada shafin yana ƙi, yau da ya buɗe shago ya ce bari ya sake. Wani makiyayi ne ya ga baƙon sa ya biyo garkensa, da ya duba wuyansa ya ga tabon karkiya ya san na huɗa ne, ya kai shi wurin mai gari. A ƙasan rubutun ga hoto: farin sa ɗaure a gindin tsamiya, kunne baƙi, ƙahon hagu ba baki.

Tsintsiya ta faɗi. Ta kira ƙauye, Kubura ta ɗauka.

"Inna, ina Baba?"

"Ya fita da Goje tun bayan asuba. Ga wayarsa nan rataye a ƙusa."

Malam Yazid bai taɓa gudu da babur ba a rayuwarsa, ɗalibai a keke na wuce shi. Ran nan kuwa sai da hularsa ta tashi a hanyar Mai'adua, kuma Haulatu ta hana shi tsayawa ɗauka. Tana baya, hijabi na kaɗawa, waya a ɗage sama kamar wani zai ƙwace.

Kara ta cika maƙil, shanu da maza ko'ina, mace ko ɗaya babu. Haulatu ba ta ko lura ba. Ta kutsa tsakanin ƙahoni da manyan riguna tana "Gafara! Gafara dai!" har ta hango farin doron Goje. Ɗantsoho na tsaye riƙe da igiya. Dillalin da ake kira Sha'aban ya kama ɗaya hannun nasa yana girgizawa, ga mai saye a gefe ya riga ya yi tayi, ana jiran tsoho ya ce ya sallama. Kansa na ƙasa, ba ya kallon kowa.

"Albarka!" Haulatu ta ƙwala daga nesa. "Albarka! Albarka! Ba a sayarwa!"

Kara ta juyo gaba ɗaya. Sha'aban ya saki hannun ya ce, "Hajiya, ke ce mai san ko shi?" Ba ta ko dube shi ba. Ta isa gaban mahaifinta, numfashi ya ƙi barin ta magana, ta miƙa masa wayar kawai.

Ɗantsoho ya karɓa ya nisanta ta daga idonsa, ya matso da ita, ya kare ta da inuwar hannu. Ya daɗe yana kallo. Ya sa babban yatsa ya shafa wurin karyayyen ƙahon a kan gilashi.

"Yana ina?"

"Wajen Baure, Baba. A ƙofar mai gari. Lafiyarsa ƙalau, har ya yi ƙiba."

Ɗantsoho ya juya ya kai wayar daidai hancin Goje, ya ce a hankali, "Ga ɗan'uwanka." Goje ya shinshina ya hura mata iska. Dillalai suka kwashe da dariya, mai saye ya yi tsaki ya wuce, Sha'aban ya ce shi dai tun da yake a kara bai taɓa ganin an nuna wa sa waya ba. Ɗantsoho ya naɗe igiyar a hannunsa sau biyu, irin naɗin mai shirin komawa gida. Ya ce wa Malam Yazid a nemo motar da za ta je Baure yau, don ƙasa na da sauran danshi, in an yi sauri jibi garma za ta shiga gona.

Sannan ya dubi 'yarsa, ga ƙura har gira, takalmi ɗaya ya tsinke.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"An gama. Yi guɗarki."

Haulatu ta ɗaga kai, ta kama hanci, ta buɗe baki a tsakiyar kara, maza sun yi cirko-cirko suna jira. Ba abin da ya fito sai kuka. Ɗantsoho ya tsaya riƙe da igiyar Goje yana jiranta, bai ce ta yi sauri ba.